Ranar da Na Ƙi Tsallake Tanko

Kun girma kuna jin ana ce mini Mushe Mai Rumbu, kuma na san kowannenku ya taɓa tsintar guntun dalili a bakin wani, a rijiya ko a wurin suna. Wasu sun ce muku taurin kai ne ya fitar da ni daga gidan kakanku. Wasu sun rage murya sun gaya muku abin da ya fi wannan muni. Na farkon gaskiya ne, kuma ban tuba ba. Na biyun shi zan warware muku a nan, domin ku aka so a rataya wa shi, tun kafin a haifi yawancinku.

Akwatin hoton na same shi ne daga hannun wani komi, wato magatakardan ofis, ɗan Dahomai da ya gama aiki a Maraɗi zai koma ƙasarsu. Baƙi ne, mai wuya irin na zugazugin maƙera, in ka buɗe shi ya miƙe, in ka rufe ya naɗe ya shiga aljihun babbar riga. A lokacin ina sabon mushe, wato malamin boko, a lakwal ɗin Madarunfa, makarantar da duk girmanta rumfa biyu ce da allo ɗaya. Komin ya haɗa mini da wani ɗan littafi na Faransanci mai koya yadda ake ɗauka. Littafin ya ce ka sa rana a bayanka, ka riƙe numfashi, ka danna. Wanda ya rubuta shi bai taɓa ganin ranar Madarunfa ba, kuma bai taɓa zaton za a nufi akwatin da fuskar da ta fi tasa duhu ba. Hotunana na farko duk riguna ne da huluna, farare tas, tsakaninsu babu kowa. Sai da na ɓata filim mai yawa na gane cewa mu ba a ɗaukarmu da tsakar rana. Da hantsi ko bayan la'asar ake yi, a buɗe idon akwatin fiye da yadda littafi ya ce, a sa wani ya riƙe farin zane daga gefe don ya mayar da haske kan fuska. Zanen uwarku na zuwa biki shi ya sha wannan aiki, kuma har ta rasu ba ta yafe mini ba.

Wankin hoto kuwa duhu yake so, duhun da ko sauro ba ya ganin gabansa. Ɗakunanmu na kara da bunu ne, haske na shiga ta ko'ina. Sai na lura da wani tsohon rumbun ƙasa a bayan ɗakina da aka daina zuba hatsi a ciki. Na share shi, na liƙe tsagoginsa da laka, na sa randa a ciki don ruwan magani ya yi sanyi, domin in ruwan ya ɗumama fuskar mutum zamewa take yi daga kan filim kamar man shanu a rana. Ruwan tafki nake ɗebowa, in bar shi ya kwanta, in tace da ƙyalle. In filim ya bushe sai in ɗora shi kan takarda ƙarƙashin gilashi in shanya, rana ta buga hoton da kanta. Ban taɓa karɓar ko dala a hannun kowa ba. Sha'awa ce kawai, irin wadda ke sa wani kiwon tantabara.

Amma ku dubi abin da idon maƙwabci. Ga mutum mai hankali, mai albashi, ya hau tsani da rana tsaka ya faɗa rumbun da babu hatsi, ya ja marfi ya rufe kansa. Can ya fito sharkaf da gumi, riƙe da wani siririn abu mai ɗigar ruwa. In ka ɗaga shi sama sai ka ga mutanen da ka sani, ƙanana, fuskokinsu fari fat, haƙoransu baƙi. Ban ce sun yi daidai ba. Na ce dai na san abin da suka gani.

Ranakun da babu lakwal nakan ɗaure akwatin a bayan keke in shiga ƙauyuka. A kasuwar Gabi, da na miƙe wuyan akwatin, kafin in daidaita ido rumfuna sun zama wayam. Shi ya sa in kun buɗe tsohon kwalin nan za ku ga jakunan Gabi da yawa, don su kaɗai suka tsaya mini, kuma in gaya muku gaskiya sun fi wasu manya iya tsayuwa. A Sarkin Yamma na ɗauki rumbunan dawa bayan kaka, jere kamar mata sun zauna gaisuwa. A Ɗan Issa na ɗauki motocin gyaɗa, direbobi kuwa su ne kaɗai ke roƙona in ɗauke su, kowa ya ɗora ƙafa kan taya kamar shi ya ƙera motar.

A garinmu mutum ɗaya ne ya zo da kansa ya ce in ɗauke shi, shi ne Tanko. Tanko ɗan Gwaggo Dije ne, ƙanwar kakanku, wato shi taubashina ne. Shi kaɗai ne namiji a ɗakinta bayan mata, masunci ne kamar ubansa, kuma tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Wata safiya cikin bazara na tarar da shi bakin tafki ya kamo wata tarwaɗa mai kai kamar turmi.

“Kai, bawana!” in ji shi. “Kullum jakkai kake ɗauka. Yau ga ubangidanka, zo ka ɗauki mutum.”

“Wanne ne mutumin a cikinku, kai ko mai gashin bakin?”

“Ɗauki mu duka, mutane su raba gardama.”

Rana ba ta gama tasowa ba, haske kaɗan ne, don haka dole idon akwatin ya ɗan jima a buɗe. Na kafa shi kan wani kututture. Masunta da mata masu sayen kifi suka ja baya suka yi da'ira. Tanko kuwa sai dariya yake, yana jujjuya kai. Na ɗaga murya irin ta aji, kowa ya ji:

“Tanko, kada ka motsa! Kada ka motsa sai na ce.”

Ya daskare, kifi a ƙirji, haƙora waje. Na danna. Daga nan wata mata ta fara cinikin tarwaɗar, aka shiga hayaniya, na naɗe akwatina na wuce lakwal.

Kafin mako ya zagayo zazzaɓi ya kwantar da shi. Wuyansa ya sanƙare, ba ya iya sunkuyawa, ba ya iya waiwaye, ba ya son haske. Na ga irin wannan ciwo a Damagaram lokacin ina karatu, na san sanƙarau ne, kuma na san a bazarar nan ba gidansu kaɗai ya shiga ba. Na aika a ce a ɗora shi a amalanke a kai shi wurin lokotoro, wato likita, a Maraɗi. Amsar da ta dawo ba ta shafi amalanke ba. An ce cikin zafin ciwo Tanko yana ta maimaita magana ɗaya: “Mushe, in motsa? Mushe, in motsa?”

Ku da kuka tashi a birni sai na yi muku bayani. A wurinmu, in mara lafiya ya kama sunan mutum yana kira cikin magagi, an gama shari'a: wannan mutumin maye ne, shi ya kama masa kurwa. Maganin kuwa ɗaya ne. A kwantar da mara lafiya a tsakar gida, a kawo wanda aka kira, ya tuɓe daga shi sai bante, ya tsallake shi a gaban jama'a, ya kuskure baki ya ba shi ruwan ya sha. In ya yi haka, an ce ya saki kurwar. Amma wanda ya tsallake ya amsa sunan ke nan, shi da abin da zai haifa. Ba a cin tuwon gidansu, ba a neman aurensu, in yaro ya yi atishawa a unguwa su ake kallo. A lokacin uwarku tana goyon yayarku Hadiza, tana kuma da cikin Sani.

Da azahar Gwaggo Dije ta shigo gidanmu babu sallama, babu mayafi. Ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta zube gaban kakanku a ƙofar ɗakinsa.

“Yaya, ɗanka ya ɗaure mini ɗa. Gaban mutane ya ce mishi kada shi motsa, ga shi bai motsa ba. Maitar ga ba ta gidanmu ba ce, na sani, wurin Nasara ya sayo ta cikin akwati. Ni ba faɗa na zo ba. Shi zo shi tsallake, shi ke nan.”

Kakanku malami ne mai ƙaramar makaranta a zaure, kuma bai taɓa son akwatina ba. Tun ranar da na kawo shi ya ce mini siffanta mai rai ba aikin bawa ba ne. Ya ci gaba da jan tasbaharsa. Inna, kakarku, ita ce ta ja ni bayan ɗaki, tana kuka.

“Ɗan nan, taki ɗaya ne hwa. Mi zai rage ka da shi? In ya tashi, alhamdu lillahi. In bai tashi ba, ka hita hakkin gwaggonka.”

“Inna, in na tsallake, me na ce wa gari?”

“Gari ya ce abin da ya ga dama! Rai ake magana.”

Wannan ita ce magana mafi nauyi da aka gaya mini a ranar, kuma har yau ban raina ta ba. Da na san takina zai sauke zazzaɓin Tanko ko da na sa'a ɗaya, da na tsallake shi tsirara a tsakiyar kasuwa. Amma na san ba zai sauke ba. Abin da zai yi kawai shi ne ya ɗauki ƙarya ya ɗora kan jaririyar da ke bayan uwarku. Ita kuwa uwarku tana bakin murhu tana dama fura, ba ta ɗago kai ba ta ce:

“Malam, in ka tuɓe rigar ga a gidan Gwaggo, kada ka maido ta nan. Ni ban haihi ɗiyan mayu ba.”

Na sa rigata mafi kyau, na sa hula, na ɗauki hoton Tanko da na riga na buga, na tafi gidansu. Kakanku ya biyo ni a baya da sandarsa, bai ce zai zo ba, ban kuma tambaye shi ba. Mun tarar gidan cike. Sun riga sun shimfiɗa Tanko a tabarma ƙarƙashin itacen bedi, an rufe masa ido da ƙyalle, an ajiye ƙwaryar ruwa a gefe. Da na shigo aka buɗe mini hanya fiye da yadda jikina ke bukata. Wani dattijo daga dangin ubansa ya ce:

“To, Mushe, tuɓe.”

“Ba zan tuɓe ba, Baba. Ba zan tsallake ba. Ban kama kurwar kowa ba. Ciwon ga sanƙarau ne, kuma har yanzu amalanke na nan in kun yarda.”

Gida ya ɗauki guna-guni. Wani ya ce a kama ni a tuɓe ni da ƙarfi. Wasu samari biyu suka matso. Sai na ji ƙarar sandar kakanku a ƙasa.

“Wanda ya taɓa shi, ni ya taɓa. Ban son akwatinshi, shi ma ya sani. Amma rai da ajali ba su shiga akwati. Ku ji tsoron Allah.”

Na ratsa na zauna a ƙasa kusa da kan Tanko, na kama hannunsa. Zafi kamar dutsen guga. Ya ji ni, ya ce da wata ƴar murya:

“Mushe... in motsa?”

“Motsa mana, sakarai. An gama tun tuni. Kifin ma an cinye shi.”

Na san wasu sun ɗauki wannan a matsayin saki, har na ji wata ta ce “Ya sake shi!” Su suka sani. Ni taubashina ne ya yi mini tambaya na ba shi amsa. Na ɗaga ƙyallen kaɗan, na kare masa haske da hulata, na sa hoton a gaban idonsa. Ya daɗe yana kallo.

“Wanne ne ni?” in ji shi.

“Mai munin.”

Leɓensa ya ɗan motsa. Wannan ce dariyarmu ta ƙarshe. Washegari da hantsi ya cika.

Bayan an dawo daga maƙabarta dangin ubansa suka taru a ƙofar gidanmu, suka ce a fito da akwatin da abin da ke cikin rumbu a ƙone. Har an kawo kara. Na tsaya a gindin tsani na ce sai dai a haɗa da ni. Ban san yadda za ta ƙare ba, sai ga Gwaggo Dije ta keto taron tana ihu:

“Kada ku ƙone! Ɗana na ciki! Ku ƙone mini shi sau biyu?”

Nan fa aka tsaya. Wani ya ce a jefa a tafki, ta ce ba za a nutsar da shi ba. Wani ya ce a binne, ta ce an binne ɗaya yau, ya isa. Aka yi ta shawara har la'asar, ba a sami hanyar hallaka abin ba tare da an taɓa Tanko ba, kowa ya watse. Na karanta littattafai da dama a kan hujja da hankali, amma ban taɓa ganin inda hujjar mai ƙara ta tsare wanda ake ƙara kamar ranar nan ba.

Kada ku zaci an ƙare da daɗi. Da daddare ban ce ba, tun kafin magariba kakanku ya kira ni zaure.

“Na tsaya maka don ƙarya anka yi maka. Amma ƴar'uwata ba ta ƙara taka gidan ga in abin nan na ciki. Ko ka fasa shi ka zauna, ko ka ɗauke shi ka tahi.”

“Baba, in na fasa shi yau, gobe za a ce na fasa ne don na san abin da ke ciki. Tsallakewa ce ta wata hanya.”

“To, Allah shi kiyaye.”

Haka muka fita, ni da uwarku da goyo da ciki, muka kafa bukka a fegin da ke bayan lakwal. Abu na farko da na gina da ƙasa a wurin, kafin ɗakin kwana, rumbu ne, inda kowa zai gan shi daga hanya. Shekarar ta yi mana tsawo. Uwarku ta dama fura ta kai bakin hanya, ta dawo da ita ba a taɓa ba, har ta daina. Iyaye da dama suka janye ƴaƴansu daga lakwal, ko da yake wasunsu sun daɗe suna neman dalili, na dai sauƙaƙa musu. Da aka haifi Sani, mutanen da suka zo suna ba su cika tabarma biyu ba, naman rago kuwa har muka gaji da shi. Inna takan zo a ɓoye. Kakanku ya zo ya raɗa suna ya koma, bai zauna ba. Ni kuwa kowace Lahadi sai in ɗaure akwatina a keke in bi ta tsakiyar gari, ba ta bayan gari ba, ina gaida kowa da sunansa.

Bayan kaka, wata rana ina gyaran tayar keke, sai ga Gwaggo Dije a bakin danga. Ba ta yi sallama ba.

“Ba ni ɗana.”

Na shiga na ɗauko hoton na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta kalla, ta sa a cikin zane ta juya. Na ce a raina an rabu ke nan. Amma takardar hoto ba ta san darajar kowa ba. Gwaggo ta ajiye shi a ƙwarya ƙarƙashin gado, damina ta zo, laima da gara suka yi aikinsu. Da kaka ta sake zagayowa sai ga ta.

“Gara ta cinye shi,” in ji ta, tana kallon danga. “An ce kana iya hiddo wani.”

“Ina iyawa, Gwaggo. Daga abin nan da kika hana a ƙone.”

“Ban tambaye ka ba. Hiddo.”

Na ɗauko filim ɗin, na ɗora kan takarda, na shanya a rana a gabanta. Ta zauna kan turmi tana kallon Tanko yana fitowa a hankali, fari ya zama toka, toka ta zama fuska, ga tarwaɗa, ga haƙora. Uwarku ta kawo fura a ƙwarya ta ajiye kusa da ita. Gwaggo ta kawar da kai. Ta karɓi hotonta ta tafi, furar na nan.

Haka muka yi shekaru. Na nuna mata ta sa shi a gwangwani, ta ce ba za ta rufe ɗanta a gwangwani ba, ya sha rufi. Don haka kowace kaka sai ta zo, in buga, uwarku ta ajiye fura, ta kawar da kai. Ba ta taɓa janye maganarta ba, ni ma ban taɓa neman ta janye ba. Hadiza, ke kin isa tunawa da zuwanta na shekarar da kika fara ɗaukar tulu. Ranar kasuwa ce, hanya cike da masu wucewa, dangarmu kuwa gajera ce. Rana ta yi lulluɓi da gajimare, hoton ya ƙi fitowa da wuri. Gwaggo ta zauna, ta zauna. Can sai ta miƙa hannu ta ɗauki ƙwaryar, ta juya ta fuskanci hanya yadda duk mai wucewa zai gani, ta kafa kai ta sha har ta ga gindinta. Ta goge baki da bakin zane ta dubi uwarku.

“Tsami ya yi yawa.”

“Ta daɗe tana jiranki, Gwaggo,” in ji uwarku.

A makon nan aka fara aiko yara sayen fura a gidanmu. Ku kuwa duk kun yi aure, kuma a cikin waɗanda suka zo neman aurenku ko aka je nema muku, babu wanda ya rage murya ya tambayi ko wane ne ubanku. Filim ɗin yana cikin kwalin nan, a naɗe cikin guntun farin zanen uwarku. In na mutu ku raba gona yadda kuka ga dama. Shi dai kada wanda ya ƙone shi.